Ranar da Na Kwance Ɗaurin Kawu

Da hantsi aka yi rasuwar, kafin azahar lungunmu na Ƙofar Galadima ya cika har mai keke sai ya sauka ya tura. Na sha zuwa jana'iza a cikin birnin nan, amma ban taɓa ganin wadda manyan mutane ke naɗe hannun riga suna nuna wa juna jiki ba sai ta Kawu. Wani tsohon ɗan kokawa da ya zo daga ƙauye ya ɗage wando yana bubbuga ƙwaurinsa, yana cewa, "Nan da nan, gida biyu ta karye. Ga ta yau, da ita nake zuwa gona." Wani birkila na ta juya kafaɗa don a gani. Wata tsohuwa kuwa ta ƙi shiga cikin mata, ta toge a bakin zaure tana faɗin, "To yanzu in mutum ya faɗi, ina za a kai shi?"

Ni ina gefe kusa da randar alwala, kaina a ƙasa. Kowa ya zo gabana sai ya ce ya haƙuri, ya wuce da sauri. Can sai ga Gola ya shigo lungun yana ɗingishi, tela ne, yanzu har da furfura a gemu, amma har yau sunan da ya samu a filin ƙwallo ake kiransa da shi. Surutu ya ɗan lafa. Tsofaffin unguwa suka dube shi, suka dube ni, suka mai da ido kan carbi.

Gara in faɗa tun yanzu, tsoron da ke raina ranar ba na ganin gawa ba ne. Tsorona shi ne Kawu ya tafi da fushina. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na yi masa laifin da ba a yi wa maɗori, kuma ban taɓa jin ya ce ya yafe ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma jikokinsa su san cewa mutumin da ke cikin hoton nan na bango ya fi hoton ban tsoro, ya kuma fi shi kirki.

Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗori ya gada kaka da kakanni. Gajere ne mai faɗi, tafin hannunsa kamar marfin tukunya. In an kawo masa mai karaya, ba ya fara duba wurin ciwon. Fuskar mutum yake dubawa, ya ce, "Me aka dafa a gidanku jiya?" Mutum na cikin cewa tuwon dawa da miyar ku... sai ka ji ƙaras, ya ja ƙafar ya daidaita. Ihu ya biyo baya, shi kuwa ya ƙarasa masa, "Miyar kuka. Madalla. Kuka ba ya hana ɗori." Sannan ya shafa man kaɗe, ya jera karan dawa, ya naɗe da tsumma, ya yi tofi a kan ƙulli na ƙarshe.

Yakan ce ƙashi ya fi mai shi gaskiya. "Baki zai ce faɗuwa na yi, ƙashi ya ce a'a, duka ne." Sau nawa ya sallami mace da ɗori a hannu, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi neman mijinta a majalisa. Mutanen ƙauye kuwa in suka zo da majinyaci, a zaurensa suke kwana sati biyu, sati uku, matarsa da muke kira Iya tana ta tuƙa tuwo kamar gidan biki. Ban taɓa jin ya tambayi baƙo yaushe zai tafi ba.

Tun ina ƙarami ƙarar ƙashin nan take tsorata ni. Da na ga an shigo da mutum a kan tabarma sai in zame in bi lungu. Duk da haka ni ya zaɓa, domin 'ya'yansa maza biyu ɗaya ya shiga aikin ofis, ɗaya ya kama kasuwa. Da babbar salla yakan tara ƙasusuwan rago a buhu, ya sa in zura hannu ido rufe in faɗi na ina ne. In na faɗa daidai ba ya yabo, sai dai ya ce wa Inna, "Wannan ɗan naki matsoraci ne, amma yatsunsa na gani."

Ni kuwa ƙwallo nake so, ita ce dai ba ta so na. Na gwada baya, na gwada gaba, kowane koci ya gan ni sai ya miƙo min bokitin ruwa. A bakin filin na gane cewa in ɗan wasa ya faɗi ni ake kira in murza, kuma abin yana yi min daɗi. Da na gama sakandare na samu gurbi a jami'a, sashen motsa jiki, inda ake koyon kula da raunin 'yan wasa har mutum ya samu takardar shaida. Unguwa ta samu abin dariya, wai ɗan gidan maɗora zai yi digirin guje-guje. Kawu ya ce, "Shekara huɗu za ka yi kana neman abin da ke zube a zaurena?" Washegari ya turo min kekensa, wanda ko 'ya'yansa ba sa hawa, ya ce makarantar da nisa. Daga ranar ya raɗa min Likitan Tamaula, kuma ko a masallaci haka yake kirana.

Akwai doka ɗaya a gidan ɗori da kowane yaro a birni ya sani. Ɗaurin maɗori ba mai kwance shi sai wanda ya ɗaura. In wani ya kwance, ƙashin ba zai haɗu daidai ba, shi kuma mai kwancewar hannunsa zai shanye. Ana ba da labarin wani wanzami da ya yi taurin kai ya kwance wa ɗansa, wai har ya mutu ba ya iya riƙe aska. Ban taɓa ganin wanzamin ba, ban san wanda ya gan shi ba, amma na yarda da labarin kamar yadda na yarda wuta na ƙuna.

A shekarata ta uku wani malaminmu ya kashe fitilar aji ya kunna majigi. Ya nuna mana ƙafafu da hannuwan da ɗauri ya matse har jini ya daina zuwa, suka yi baƙi, aka yanke. Ya ce mu riƙa danna farcen mutum mu saki. In jini ya dawo ya yi ja nan take, lafiya. In ya tsaya fari, yatsu suka yi sanyi, ciwo ya wuce misali, to awoyi suka rage mana, ba kwanaki ba. Abokaina na rubutu, ni kuwa ƙullin Kawu nake gani a kan kowane hoto. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da daminar shekarar aka yi wasa a Tudun Jukun, kulob ɗin unguwarmu da na can. Gola ya fito tarar ƙwallo, wani ƙato ya sauka a kan ƙwaurinsa, har 'yan kallo suka ji ƙarar. Na ce a kai shi asibiti a yi hoton ƙashi. 'Yan wasa suka dube ni kamar na zagi iyayensu, suka ɗauke shi sai zauren Kawu. Ya ɗora shi kamar yadda ya saba, aka mai da shi gidan uwarsa. Washegari da sassafe aka zo daga wani ƙauye, ɗaki ya rufta wa manoma uku, Kawu ya bi su. Ruwa ya sauko, rafin hanyar ya cika, ba shiga ba fita.

Kwana biyu da ɗorin, da hantsi, uwar Gola ta shigo gidan Kawu ba ko sallama. Ta ce ɗanta ya ƙi ci ya ƙi sha, yana cizon filo. Iya ta ce, "Ai ɗori ya gaji haka, Hajiya. A yi haƙuri mai gidan ya dawo." Ina tsakar gida ina gyaran sarƙar keke. Na wanke hannu na bi uwar Gola, ba don an ce in je ba.

Tun daga bakin ƙofa na ji nishinsa. Ƙafar ta kumbura har naman ya ɓullo ta tsakanin kara. Na taɓa yatsun, sanyi ƙalau. Na danna farcen babban yatsa na saki, ya tsaya fari. Na sake dannawa, ina roƙon Allah ya ƙaryata ni. Bai dawo ba.

"Likita," in ji Gola, da ƙyar, "ba na jin yatsun. Wuta ce dai a ciki."

Na ce wa uwarsa ɗaurin ya matse, dole a sassauta yanzu.

Ta dafe ƙirji. "Kai yaro, ka yi wa Allah! Ɗaurin Malam? So kake ɗana ya gurgunce, kai kuma ka shanye?"

"Hajiya, in aka jira gobe ƙafar za ta ruɓe."

"Wa ya gaya maka?"

"A makaranta aka koya mana."

"Makarantar ta girmi kawunka ne?"

Gaba kura baya sayaki. Na fita soro na tsaya, ina sauraren ko zan ji muryar Kawu a lungu ya zo ya ɗauke min wannan kaya. Ba kowa sai mai tallan gyaɗa. Na tuna wanzami, na tuna majigi, na sake tuna wanzami. Wallahi ba jarumta ce ta mai da ni ɗakin ba, tsoro biyu ne suka yi kokawa ɗaya ya ka da ɗaya. Almakashin ɗinkin Gola na kan kekensa na ɗinki. Na ɗauka, na yi bisimilla, na datse ƙullin da ke ɗauke da tofin Kawu.

Uwar ta fita tsakar gida tana salati da ƙarfi, maƙwabta suka cika gidan. Fatar da ke ƙarƙashin tsumman duk ta yi ƙuraje masu ruwa. Na tallafe ƙafar da katako biyu, sakwa-sakwa, na samu wani mai a-kori-kura ya yarda ya kai mu asibiti, tsohuwar na bin motar tana kukan za su yanke masa. Likitoci suka tsaga naman ƙwaurin don kumburin ya samu hanya. Ƙafar ta tsira. Yatsu biyu suka tafi, ƙashin kuma da ya haɗu sai ya haɗu a karkace. Gola bai sake tsayawa a raga ba.

Kawu ya dawo kwana ɗaya bayan haka, taɓo har gwiwa. Tun a ƙofar gari aka tare shi da labari. Bai shiga gida ba, ya zauna a zaure ya aika a kira ni. Na tarar da dattawa huɗu a wurin. Na durƙusa nesa da sandarsa.

"Wa ya kwance?"

"Ni ne, Kawu."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Da wane hannu?"

Na miƙa na dama. Ya kama shi, ya juya ciki, ya juya baya, ya daɗe yana kallo. Na yi ta jiran mari, har na fi son marin. Sai ya saki, ya ce, "To. Ka riƙe shi da kyau, Malam. Tashi ka tafi."

Malam. Daga ranar Likitan Tamaula ya mutu. In na gaishe shi zai amsa cikakkiyar amsa, ya tambayi karatu, ya tambayi Inna, kamar yadda ake yi wa baƙon kirki. Bai karɓe keken ba, bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Unguwa ce ta yi masa maganar. Duk wanda ya ga Gola na ɗingishi sai ya ce ga abin da kwance ɗauri ke jawowa. Na san abin da littafi ya ce, na san abin da likitoci suka ce, amma a can cikin cikina ban taɓa samun tabbacin cewa ba ni na karkata ƙafar ba.

Sai hannun. Kowace safiya kafin in yi alwala sai na dunƙule shi na buɗe, na gwada shi da na hagu ko ya fara ramewa. In na kwanta a kansa ya yi tsami, sai gumi ya karyo min. Ga ɗan jami'a mai zana jijiyoyin hannu a allo, ga shi yana lissafin ranar da nasa zai shanye. Ranar jarrabawar gwaji ta ƙarshe aka ce in naɗe idon sawun wani ɗan tsere a gaban malamai uku. Hannuna ya kama karkarwa har bandejin ya suɓuce ya mirgina ƙarƙashin tebur. Na faɗi jarrabawar, sai da na maimaita. Malamin majigin ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce zazzaɓi ne, don ban san yadda zan gaya masa ba.

Da takardar ta fito Inna ta ce in kai wa yayanta ya gani. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka karanta masa, ya ce, "Allah ya amfana, Malam." Na jira ko da ƙari. Ya miƙo min goro.

Inna ta sha ce min, "Kai dai ka je ka durƙusa ka ce ka tuba, bakinka zai tsage ne?" Sau uku na shirya na je. Na farko na tarar da majinyata. Na biyu muka yi hirar ruwan sama. Na uku har na ce, "Kawu, dama..." ya ɗago ido ya dube ni, sai na ji kaina ina tambayar farashin man kaɗe. Abin da ke tsorata ni shi ne in roƙa ya ce a'a. Muddin ban tambaya ba, akwai sauran fata. Akwai kuma wani abu da ban gaya wa Inna ba: ban san yadda zan ce na tuba ba alhali in aka mai da ni ɗakin nan zan sake ɗaukar almakashin.

Sau ɗaya na ga wani abu. Na dawo daga tafiya da 'yan wasa, na biyo ta zaure, na hango shi ya gama ɗora wa wani leburan kasuwa hannu. Sai na ga ya zura ɗan yatsa ƙarƙashin tsumman yana gwada sarari, sannan ya danna farcen mutumin ya saki, ya sunkuya yana kallo. Ban taɓa nuna masa wannan ba, ban san wanda ya gaya masa ba. Da ya ga inuwata sai ya janye hannu, ya ce wa leburan, "Me aka dafa a gidanku jiya?" alhali an riga an gama ja. Na gaishe shi, ya ce sannu Malam, na wuce. Na yi sati ina juya abin a raina, wani lokaci in ce alama ce, wani lokaci in ce mutum na iya ɗaukar maganarka ya ci gaba da ƙinka.

Ciwon ajalinsa bai yi wata ba. Na je duba shi kullum, amma ɗakin ba ya rabuwa da mutane, ni kuma na ji daɗin hakan, Allah ya yafe min. Na ce gobe, na ce jibi. Ranar da ya cika ina filin wasa ina naɗe wa wani gwiwa aka zo aka gaya min.

Bayan azahar aka sallace shi, muka ɗauka zuwa maƙabarta ta bayan ganuwa. Ina can baya cikin jama'a, Gola na gefena yana jan ƙafa. Da aka ajiye makara, babban ɗansa ya tuɓe takalmi zai shiga kabarin. Liman ya ɗaga hannu ya tsai da shi.

"Alhaji, dakata. Akwai wasiyya. Ina ɗan ƙanwarsa?"

Aka buɗa min hanya. Liman ya ce marigayi ya bar magana a gabansa da gaban Iya, cewa ni zan shiga, ni zan kwance ɗaurin likkafani na kai da na ƙafa kamar yadda ake yi. Na ce a raina shi ke nan, ya ajiye min hukuncina sai a gaban duk birni. Na sauka ramin, aka miƙo shi, ba nauyi kamar ba shi ne mai danne ƙato da hannu ɗaya ba. Muka kwantar da shi a kan damansa. Yatsuna suka ƙi kama ƙullin, sai da na gwada sau uku, mutane na tsaye a kaina suna jira. Na kwance na kai, na rarrafa na kwance na ƙafa, aka kama hannuna aka fito da ni.

Ban iya tambayar Liman ba. Sai ranar sadakar uku na samu Iya ita kaɗai a ɗakinta, na durƙusa na ce ta gaya min don Allah, da fushi ya faɗa ko da me.

Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma na tambaye shi, na ce Malam ga 'ya'yanka, me ya sa sai shi? Sai ya ce, 'Ranar nan duk birnin nan tsorona ya hana kowa taɓa yaron mutane. Da sun jira ni, da na kashe masa ƙafa. Ku sa Likitan Tamaula ya kwance ni. Duk cikinku shi kaɗai ne ba ya tsoro.'"

Ni. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina duba hannuna kowace safiya, na kasa haɗa ido da shi in faɗi kalma biyu. Na kifa kai a kan tabarmar Iya na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, tana bubbuga bayana tana cewa in yi shiru haka nan, maza na jirana a waje.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda ya tallafi ƙafafun bayinka shekara da shekaru. Ka yafe masa abin da ya matse bisa kuskure, ka yalwata masa makwancinsa, kada ka bar ƙasa ta matse shi.